Ƙura da taɓo sun hana wanke mota: me ya kamata a yi kafin gari ya gyaru?

Baban Hanif:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar mota. Motar Corolla ce baƙa, a Kano take, a waje take kwana babu rumfa. Tun da hazo ya sauka, idan an wanke ta da safe kafin la'asar ta sake yin fari fat, ga shi ruwan ma saye ake yi wajen 'yan garuwa. Da damina kuma hanyar unguwa taɓo ne, kana fitowa daga wurin wanki ka sake shiga cikinsa. To idan yanayi ya hana wanki na mako biyu ko uku, me ya zama dole a yi, me kuma za a iya bari? Yaron da ke share ta da tsumma kowace safiya, aikin nasa yana da amfani ko ɓarna ce? Kuma rufe ta da tamfol yana taimakawa?

Mai Fenti:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Abu na farko, ka dakatar da yaron nan tun daga gobe. Ƙurar da ta kwanta a kan mota ba ta yi wa fenti komai muddin ba a taɓa ta ba, ko da za ta yi wata guda. Busasshen tsumma shi ne mai ɓarnar.

Ga dalili. Fentin motar zamani hawa-hawa ne: akwai na ƙasa mai riƙe ƙarfe, akwai mai launi, sai wani mai haske kamar gilashi a sama wanda shi ne yake ba da ƙyalli. Wannan na saman kaurinsa bai wuce maikron 40 zuwa 50 ba, wato bai kai kaurin gashin kai ba. Ita kuwa ƙurar hunturu, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi iska take kwaso ta, wurin da a da can ƙasan babban tafkin Chadi ne, sannan ta haɗu da yashin hanya da na unguwa. A cikinta akwai ƙananan ƙwayoyin yashi da suka fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Duk lokacin da aka ja tsumma a kai, kamar an goga samfefa ne mai laushi. Rana ɗaya ba za ka ga komai ba. Bayan wata biyu ka tsaya da motar a rana ka dubi bonet, za ka ga zane-zane masu zagaye, kuma a baƙar mota suka fi fitowa. Gyaransu sai an sa inji da folish an ci wani ɓangare na fentin saman, kuma abin da aka ci ba ya dawowa. Sau uku ko huɗu aka yi haka da nauyin hannu, sai sabon fenti.

Haka ma hura ta da iskar mai faci, ko kaɗe ta da tsintsiyar gashi. Iskar ba laifi idan daga nesa ne, amma ba ta ɗauke wadda ta manne. Tsintsiyar kuwa ta riga ta cika da yashin jiya da shekaranjiya.

Idan ba za ka iya jure ganinta haka ba, akwai wanki mai cin ruwa kaɗan. Ka nemi famfon feshi na goyo irin na manoma, mai lita 16, amma sabo wanda ba a taɓa zuba masa maganin ciyawa ko na ƙwari ba. Da lita 10 zuwa 12 za ka jiƙe ƙaramar mota gaba ɗaya ka zubar da mafi yawan ƙurar ba tare da hannu ya taɓa ta ba. Ka fara daga rufi, ka sauko gilasai, bonet da but, sannan ƙofofi. Idan aka tsaya a nan ma an yi rabin aiki, kuma babu ɓarna.

In kana son ta fita tas, sai ka ƙara bokiti ɗaya na ruwa mai sabulun mota da tawul ɗin maikrofaiba, wato mai laushi na goge mota, shida zuwa takwas. Akwai ruwan wanki da ba ya buƙatar ɗauraya, kamar Optimum No Rinse, ana zuba mililita 30 a ruwa lita 7 da rabi. In ba ka samu ba, shamfun mota na yau da kullum kaɗan ya isa, sai dai shi dole ka ɗauraye. Ka tsoma tawul-tawul ɗin duka a bokiti tun farko. Ka ɗauki ɗaya, ka ninka shi sau biyu ya zama gida huɗu, ka ga kana da fuska takwas ke nan. Ka ja shi a miƙe sau ɗaya, ba zagaye ba, ba tare da danna hannu ba, ka juya wata fuskar, ka sake ja. Wanda ya ƙare fuskokinsa a jefa shi gefe, kada ya koma bokiti, shi ya sa ruwan bokitin yake zama da tsabta har ƙarshe. Ɓangare ɗaya za ka gama ka tsane shi da busasshen tawul kafin ka matsa gaba, domin a hunturu danshin iska a Kano kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, kafin ka zagayo ruwan ya bushe ya bar tabo. Ƙasan ƙofofi da bamba su ne na ƙarshe, da tawul nasu daban, tayoyi kuma da buroshi daban. A inuwa ake yi, jikin motar da sanyi. Sau ɗaya a mako ko kwana goma ya wadatar.

Wannan hanya ta ƙura ce kawai. Taɓon damina da ya yi kauri ba a yi masa haka, sai an jiƙa shi da ruwa mai yawa ya saki da kansa.

Abu uku ne ba sa jiran ranar wanki ko da wane irin yanayi ne. Kashin tsuntsu da na jemage, ƙaron bishiya, da fetur da ya zuba a bakin tanki. Kashin tsuntsu yana da sinadari mai ci, idan rana ta gasa shi a kan bonet kwana ɗaya ko biyu yana barin shaida ko an wanke. Kada a kankare shi, domin akwai tsakuwa da ƙwayar 'ya'yan itace a ciki. A jiƙa tawul sosai a ɗora a kai minti biyar zuwa goma, sannan a ɗauke shi sama, ba a ja shi gefe ba. Ƙaron mangwaro ko na darbejiya kuma a ɗiga sifirit kaɗan a auduga a danna a kai har ya narke, a ɗauraye. Saboda haka inuwar bishiya ba ita ce mafi alheri ga mota ba idan tsuntsaye na kwana a kanta.

Batun tamfol, ni ban goyi baya ba. Idan aka rufa shi a kan mota mai ƙura, iska tana kaɗa shi duk dare yana gogar fenti, musamman gefen rufi da kan madubi. Sai dai in motar za ta zauna kwanaki ba a tuƙa ta, an wanke ta kafin a rufe, rigar tana da laushi a ciki, kuma an ɗaure ta tamau.

Direban Dogon Zango:

Malam Mai Fenti ya gama magana kan jiki. Ni abin da na fi damuwa da shi gilashi ne, domin fenti kuɗi kawai zai ci, gilashi kuwa rai ne.

Kuskuren da aka fi yi da safiyar hunturu shi ne a shiga mota a kunna wayifa a kan busasshiyar ƙura. Robar tana jan yashi a kan gilashi, tana barin zane mai lanƙwasa daidai gaban idon direba, ita ma bakinta yana gutsirewa. Da rana zanen ba ya damun kowa. Da dare, idan fitilar tirela ta haske ka a hanyar Zariya ko ta Wudil, hasken zai watse a gilashin har ka kasa ganin gefen titi. Maganin mai sauƙi ne: ledar fiya wata guda biyu, wato lita ɗaya. Ka ɗaga wayifa, ka huda leda ka zuba daga saman gilashi ruwan ya gangaro da ƙurar, ka goge bakin robar da jiƙaƙƙen tsumma, sannan ka sauke ta ka yi feshi ka kunna. Leda ta biyu ta madubai ce da fitilun gaba da na baya da lambar mota. Fitilar da ƙura ko taɓo ya rufe haskenta yana raguwa sosai, kuma cikin hazo fitilar baya ita ce wanda ke bin ka yake gani. Mai kyamarar baya ya goge ta ita ma da ɗan yatsa mai danshi.

Kada tankin ruwan wayifa ya zauna babu ruwa, famfonsa yana ƙonewa idan ana danna shi a bushe. Kada kuma a zuba masa Omo ko sabulun wanke-wanke. Garin sabulu yana taruwa ya toshe ƙananan ramukan feshi, yana busar da roba, kuma kumfarsa tana barin dishi-dishi. Ruwa mai tsabta da ɗan ruwan wanke gilashi na mota ya isa. Idan ramin feshi ya toshe, tsinken allura ne maganinsa, da shi kuma ake saita inda ruwan zai sauka. Masu zama Jos da wuraren da sanyi ke tsananta, kada a zuba ruwan zafi a gilashi mai sanyi. In akwai ɗan tsagi da tsakuwa ta yi, nan take zai iya tafiya har ƙarshe.

Cikin gilashi ma yana tara wani dishi-dishi da ba a lura da shi. Da damina shi ne yake sa tururi ya kama da sauri. A goge shi da tawul mai ɗan danshi sannan busasshe, mako-mako. Mai tintak na leda ya guji ruwan goge gilashi mai amoniya, yana ɓata ledar. Idan tururi ya rufe gilashi ana ruwa, a kunna AC, a juya iskar zuwa gilashi, a buɗe maɓallin shigar iskar waje. AC yana tsotse danshi, shi ya sa yake share tururi cikin daƙiƙu. A hanyar ƙura kuwa, musamman bayan babbar mota, akasin haka za a yi: a rufe iskar waje ta riƙa zagayawa a ciki.

Robar wayifa a ƙasarmu ba ta wuce shekara, rana tana busar da ita. Lokacin canza ta shi ne watan Afrilu ko Mayu, kafin ruwan farko, ba ranar da aka tsinci kai cikin ruwan Agusta ba.

Bakanike:

Yallaɓai, duk wanda ya ce mota ba ta wanku ba, jikinta yake kallo. Mu kuma inda ba a gani muke kallo, kuma a can ne rashin kula yake jawo kashe kuɗi.

A hunturu, fitar iska ta inji, wato matatar da ke tace iskar da inji ke sha. Littafin mota kan ba da tazara mai tsawo, amma yana ƙara cewa a wurin ƙura a rage ta, kuma mu duk a wurin ƙura muke. A duba ta duk lokacin juye, a tsakiyar hunturu kuma a ƙara dubawa sau ɗaya. Kafin a buɗe akwatin a goge samansa, don kada ƙurar waje ta faɗa ciki. A ciro fitar, a bubbuga ta a hankali fuskar datti tana kallon ƙasa, a ɗaga ta ga rana. In haske ba ya ratsa ta, ta gama aiki. Yawanci ana kai ta wajen mai faci ya hura ta da iska mai ƙarfi. Wannan yana yaga takardar da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, ta fito fes amma tana barin yashi ya wuce. Yashin da ya wuce yana ɓata na'urar auna iska da ke bayan fitar, mota ta fara shan mai da jijjiga, sauran kuma ya shiga silinda ya ci ringi. Akwai gwaji mai sauƙi: a sa yatsa cikin bututun da ya tashi daga akwatin fita zuwa inji. Idan yatsa ya fito da ƙura, ko fitar ta yage, ko ba ta zauna daidai ba, ko bututun ya tsage. Fita ta fi ringi arha, a saya sabuwa kawai.

Akwai fita ta biyu ta AC, a Corolla tana bayan akwatin gaban fasinja. Mutane da yawa ba su san da ita ba. Idan iskar AC ta yi rauni ko tana warin ƙasa, ita ce. Minti biyar ake canza ta, a lura da kibiyar da ke jikinta mai nuna hanyar iska.

Sai lagireto da kwandensar AC da ke gabansa. Ƙura da ƙwari da taɓo suna toshe tsakanin siraran ƙarafansu, mota ta fara zafi a cunkoso, AC ya daina sanyi. Inji a kashe kuma ya huce, a fesa ruwa marar ƙarfi ta gaba a miƙe. Ruwa mai ƙarfi yana lanƙwasa ƙarafan. Wankin inji gaba ɗaya da famfo mai ƙarfi kuwa ban ba da shawara ba, ruwa yana shiga kwayil da altaneta da akwatin fis da soket-soket. Ƙura a kan inji ba ta hana shi aiki. Jiƙaƙƙen tsumma ya isa.

Da damina kuma ƙarƙashin mota ne abin dubawa. Ruwan sama da kansa ba ya sa mota tsatsa, yana zuba ya bushe. Taɓon da ya maƙale a bakin mudgad, da bayan robar da ke saman taya, da kan ƙarafan ƙafa, shi ne yake riƙe danshi kwana da kwanaki a jikin ƙarfe. Daga ciki tsatsar take fara ci, sai ka ga fenti ya yi kumburi a gefen taya, a lokacin ta riga ta huda. Motocin tokumbo da suka fito daga Kanada da arewacin Amurka sun fi shiga haɗari, domin can ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, da yawa sun zo da tsatsarsu a ƙasa, taɓonmu ƙarasawa kawai yake yi. Don haka ko ba za a wanke jiki ba, duk mako ko kwana goma a sa mai wanki ya fesa ƙarƙashi da cikin mudgad kawai. Kuɗinsa bai kai na cikakken wanki ba, kuma ko za a sake shiga taɓo gobe, an cire tsohon da ya daskare. A ce masa kada ya kafa bakin famfo kusa da robar shaf, da wayar na'urar birki ta ABS, da bakin beyarin.

A duba cikin rim ma. Taɓon da ya bushe a gefe ɗaya na cikin rim yana ɓata balansin taya, sitiyari ya fara rawa idan an kai gudun kilomita 80 zuwa 100. Kafin a je a biya kuɗin balansi ko alaimen, a wanke cikin rim tukuna, sau da yawa shi ke nan.

Birki: bayan an ratsa ruwa, a taka shi a hankali sau uku ko huɗu ana tafiya don ya bushe. Jan tsatsar da ke fitowa a fuskar diski bayan ruwa ba matsala ba ce, taka birki kaɗan ke share ta. Amma idan motar za ta zauna kwanaki bayan ta shiga ruwa, kada a ja birkin hannu, takalmin birkin baya yana mannewa da diram. A wuri mai shimfiɗe a bar ta a P in otomatik ce, ko a giya, a sa dutse a taya.

Akwai kuma ramukan zubar ruwa da ƙurar hunturu ke toshewa, ba a sani sai damina ta zo. Suna ƙasan kowace ƙofa, da cikin magudanar da ke ƙarƙashin wayifa, da kusurwoyin rufi mai buɗewa ga mai shi. Idan ka rufe ƙofa ka ji ruwa na motsi a ciki, ramin ƙasa ya toshe, a buɗe shi da tsinken roba ko na itace. Magudanar wayifa idan ta cika da ganye da ƙasa, ruwa yana malala ta hanyar iskar AC ya sauko ƙafar fasinja. Ƙarshen hunturu ne lokacin share su duka.

Hajiya Mai Sienna:

Sannunku da ƙoƙari. Zan ƙara kan cikin mota, sannan ina da ɗan saɓani da Malam Mai Fenti kan rufe mota.

Ga wanda motarsa ke kwana ƙarƙashin bishiyar da jemagu ke sauka, ko kusa da wurin da ake gini ƙurar siminti na tashi, barinta a buɗe ya fi rigar ɓarna. Ƙurar siminti idan raɓa ta sauka a kanta kamawa take yi. A irin wannan hali a zubar da ƙurar da famfon feshin da ya ambata, a bari ta tsane, sannan a rufe. Abin da ba shi da kyau shi ne tamfol ɗin roba mai kauri irin na rufe buhuna. Ba ya numfashi, da damina yana riƙe danshi, rana ta fito ta dafa shi a kan fenti har ya bar farin tabo. A kuma riƙa kakkaɓe rigar, a naɗe ta cikinta yana ciki, kada a jefa ta a ƙasa.

Cikin mota, da damina a cire tabarmin ƙafa na kafet a sa na roba masu baki a ɗage. Su ana ciro su a zubar da taɓon a ɗauraye da ruwa kofi biyu. Idan ruwa ya riga ya shiga har kafet na ƙasa, goge sama ba ya isa. A ƙarƙashinsa akwai soso mai kauri da ke shan ruwa, ba ya bushewa da kansa, cikin kwana biyu zai fara fumfuna da wari, kuma a motoci da yawa wayoyi da soket na jakar iska mai kare mutum a haɗari a ƙarƙashin kujera suke. A cire robar bakin ƙofa, a ɗaga kafet, a tokare shi da katako, a matse ruwan da tawul, a sa fanka ta hura yini guda. In rana ta fito a buɗe ƙofofi duka. Turare ba ya kashe warin, rufe shi kawai yake yi. Bayan ta bushe a ajiye gawayi a kwano ƙarƙashin kujera ya ja sauran. A ɗaga kafet ɗin but ma a duba ramin safaya taya, ruwa yana kwanciya a can ba a sani ba, jak da sifana su yi tsatsa. A mafi yawan motoci akwai toshiyar roba a ƙasan ramin, a cire ta ruwan ya zube a mayar.

A hunturu kuma dashbod da tawul mai ɗan danshi kawai. Man ƙyalli da masu wanki ke shafawa yana kama ƙura, kuma yana haska gilashi da rana. Robobin ƙofa da hanyar da gilashi ke hawa da sauka a goge su, a shafa musu feshin silikon ko gilisarin na kemis. Ban da man inji da basilin, suna kumbura roba. Gilashin da ke hawa da ƙyar yawanci ƙura ce a hanyarsa, idan aka bar shi haka ƙaramin injin da ke ɗaga shi ne zai ƙone.

Baban Hanif:

Allah ya saka da alheri, na fahimta. Saura biyu. Ruwan bohol ɗinmu yana barin fararen ɗigo a jiki da gilashi ko an goge. Sannan mai wanki ya ce in bari ya fesa baƙin mai a ƙarƙashi kafin damina, wai yana hana tsatsa. Gaskiya ne?

Mai Fenti:

Alhaji, fararen ɗigon nan ma'adinai ne da ke cikin ruwan ƙasa, irin farar ƙasa. Ruwan yana tashi ya bar su. Sababbi suna fita da ruwan khal fari, a haɗa rabi da rabi da ruwa, a jiƙa tawul a ɗora minti ɗaya ko biyu a inuwa, a ɗauraye sosai. Waɗanda rana ta gasa makonni sun riga sun ci cikin fenti, sai folish. Rigakafin shi ne kada ruwan ya bushe da kansa: ɓangare-ɓangare, a tsane nan take, kuma ba da tsakar rana ba. Da damina a tari ruwan sama a duro don ɗauraya ta ƙarshe, ba ya barin tabo, amma a bar na farkon da ya wanke kwano ya wuce.

Abin da zai rage maka wahala a yanayi biyun shi ne kakin fenti. A wanke motar tas, a shafa shi siriri da soso, a jira ya yi fari-fari, a goge. Na kanoba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya, yana ɗaukar wata ɗaya zuwa biyu a irin ranarmu, na roba-roba da ake haɗawa a masana'anta yana kai wata huɗu ko fiye. Sau biyu a shekara aƙalla: Oktoba kafin hazo, da Mayu kafin ruwa. Ƙura da jar laka ba sa kama fenti mai kaki sosai, feshin ruwa kaɗan ke sauke su. Idan ka zuba ruwa ya tsaya ɗigo-ɗigo, kakin yana nan. Idan ya shimfiɗe, ya ƙare. Kada a bar mai wanki ya yi amfani da Omo ko sabulun kwanuka, suna wanke kakin, kuma suna sa baƙaƙen robobin jiki su yi fari. Ka sayi shamfunka da tawul ɗinka ka ajiye a but ka riƙa miƙa masa, domin sosonsa ya wanke tayar wata motar kafin taka.

Hajiya ta yi gaskiya kan siminti da jemagu, a nan rigar ta fi.

Bakanike:

Baƙin mai a ƙarƙashi, a'a, yallaɓai. Gaskiya ne ƙarfe mai maiƙo ba ya saurin tsatsa, amma tsohon man inji yana cin robobin bushin da na shaf da na shokozoba, su yi laushi su tsage. Yana kama ƙura ya zama laka mai maiƙo, yana ɗiga a kan salansa ya yi hayaƙi, kuma in ya taɓa diski ko takalmin birki sai an canza su. Haka gas da kananzir da wasu ke fesawa. Yana kuma ɓoye yoyon mai, ba za a gane daga ina yake ba.

Idan ana son kariya ta gaske, a hau da motar kan rami lokacin rani, a wanke ƙarƙashi, a bar shi ya bushe kwana ɗaya cikakke. Inda tsatsa ta fara a kankare da buroshin waya har a ga farin ƙarfe, a shafa jan fenti mai hana tsatsa, ya bushe, sannan a fesa baƙin fentin ƙarƙashin mota da ake sayarwa a gwangwani a Ƙofar Ruwa da sauran kasuwannin kayan mota. A rufe birki da salansa da wayoyi da jarida kafin feshi. Kada a fesa shi a kan tsatsa ko a kan danshi, zai rufe ta ne tana ci gaba da ci a ɓoye. Watan Maris ko Afrilu ya fi dacewa, ƙasa a bushe take kuma hazo ya ja baya.